Tsagar Kunne

Sha ɗaya na dare, Maradi ta yi tsit,
sai kabu-kabu guda da ke gurnani can wajen Ali Ɗan Sofo.
Ni ce, da fanka, da shayin da ya huce,
da fuskar kwamfuta fara fat tana jiran in yi magana.

Abin da nake cigiya ba ni da sunansa.
Daga saiwar wani haki na bakin gulbi na tatso shi.
Ɗigo uku cikin kwalbar wake,
kafin la'asar ƙwarin duk sun yi rigingine.
Na san nauyinsa,
na san ƙamshinsa, kamar kanumfarin da ya kwana a ruwa.

Akwai wani rumbu can ƙetaren teku,
ba gero a ciki, ba dawa,
ƙwayoyin sinadari ne miliyan bisa miliyan, kowace da lambarta.
Mai gadinsa ba ya jin Hausa, ba ya jin "don Allah".
Zane kaɗai yake ji.

Sai na zana masa zobe mai kusurwa shida,
na jingina masa ƙanensa mai biyar,
katanga ɗaya suke ci,
kamar gidanmu da na Kawu Arzika a Mokoyo.
Na danna.
Dubu ɗari huɗu suka taso mini a guje,
kowace tana cewa ita ce.

Haka aka yi mana a kasuwar Tibiri
shekarar da akuyar Inna ta tsinke.
Ina 'yar bakwai, igiya a hannuna,
ko'ina na duba ja ne, ja, ja har bakin bishiyoyi.
Na ce, Kawu, ai duk ita ce.
Ya ce, "Ɗiyata, a garin nan ba a cigiyar akuya da cewa ja ce.
Ƙaho za ki duba, guntu ne.
In kin samu, ki duba kunne: tsaga biyu."

To, ga tsagata.
Na ɗora oksijin a kusurwa ta uku,
suka koma dubu tara.
Na ɗaura wutsiya, kabon uku, mai lanƙwasa a ƙarshe,
ɗari biyu da sha biyu.
Na ce duk mai ɗauke da naitirojin ta koma gidansu.
Sha bakwai suka tsaya.

Nan aka ɗauke wuta.
Na zauna cikin duhu ina ƙirga su da yatsu kada su watse,
Sahabi mai gadi yana zagin inji a tsakar gida
har ya yi tari, ya kama.

Na ƙara sharaɗi ɗaya. Saura biyu.
Zobe ɗaya, wutsiya ɗaya, nauyi ɗaya,
sai dai wannan ta karkata dama, waccan hagu,
kamar mutum da wanda ke kallonsa cikin madubi.
Ɗaya ce ke kashe ƙwaro.
Ɗayar, wa ya sani, ƙila ko tari ba za ta sa shi ba.

A Tibiri ma mun samu wata:
ƙaho guntu, tsaga biyu, har na zura mata igiya.
Kawu ya kama kunnen, ya daɗe yana kallo,
ya kwance.
"Wagga hagu ce. Tamu dama."
Na yi kuka tun daga nan har gida.
Rana ta uku sai ga tamu da kanta,
tana cin gefen tabarmar Inna.

Wannan ba za ta dawo da kanta ba.
Gobe zan ratsa haske ta cikin kwalbar
in ga inda zai juya.
Yanzu dai takarda ta ƙare,
na rubuta lamba ɗaya a tafin dama, ɗaya a na hagu,
na fito ban wanke hannu ba.
Sahabi ya ce, "Malama, an samu?"
Na buɗe masa duka biyun.